Bin Na Gaba, Amma Da Tazara

'Yan uwa ɗalibai, duk shekara idan jigilar alhazai ta kankama, filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina yakan sauya kama. Motoci daga Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Baure su yi ta sauke maniyyata da 'yan rakiya, ga kuma ƙaton jirgi, sau da yawa samfurin Boeing 747, wanda ke kwashe mutum sama da 400 a sahu guda. Idan irin wannan jirgi ya zo sauka, kuma akwai ƙarami a bayansa, doka ba ta yarda ƙaramin ya biyo shi kurkusa ba. Tun suna sama ake ja masa baya, a ba da tazarar minti 2 ko 3, ko kuma kilomita 9 zuwa 11. Mai kallo daga bayan shinge sai ya ga babban ya sauka har ya bar kan titi, sama fes, fili babu kowa, amma na bayan bai iso ba. To me ake jira?

Iska ake jira ta lafa. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne waɗannan 'yan mintoci ba na kowa ba ne balle ya yafe su. Matuƙi ba shi da ikon cinye su don ya gaji, kamfani ba shi da ikon cinye su don mai ya yi tsada, babban mutum ma ba shi da wannan iko don ana jiransa a wurin taro. Kuma maganar ta shafe mu kai tsaye, domin irinmu masu karatun fasaha ne gobe za a damƙa wa irin waɗannan ƙa'idoji, ko mu riƙe su ko mu sayar da su.

Bari mu fara da yadda abin yake faruwa, don 'yan injiniya kada su ce an yi musu tatsuniya. Jirgi yana tsayawa a sama ne saboda matsin iskar da ke ƙarƙashin fiffikensa ya fi na samansa. Wannan bambanci shi ke ɗauke da nauyin jirgin gaba ɗaya. To amma fiffike yana da ƙarshe, kuma a can bakinsa iskar ƙasa mai matsi takan samu kafa ta kewayo zuwa sama. Da yake jirgin gudu yake yi, wannan kewayowa sai ta zama murɗaɗɗiyar iska mai tsawo, kamar igiya, ɗaya a bakin fiffiken dama, ɗaya a na hagu, kowace tana juyawa saɓanin 'yar uwarta. Guguwa ce guda biyu a kwance, jirgin yana shimfiɗa su a bayansa tun daga lokacin da hancinsa ya ɗaga zai tashi har zuwa lokacin da tayoyinsa suka taɓa ƙasa. Ba hayaƙin inji ba ne, kada a haɗa su. Ko jirgin da ba shi da inji sam, muddin fiffike ne ke ɗauke da shi, sai ya bar wannan guguwa.

Mu nan mun san guguwa. Da bazara mukan gan ta ta taso a fili, ta kwashi ƙura da leda da karan dawa, yara su watse. Muna kauce mata ne don ƙurar ta tona mata asiri. Guguwar bayan jirgi ba ta da ƙura. Sai in akwai danshi sosai a iska ne za a ga wani farin zare a bakin fiffike, in ba haka ba ido ba ya ganinta, na'urar hangen hadari da ke hancin jirgi ma ba ta nuna ta. Ga ta da ƙarfi: an taɓa auna gudun juyawarta ya kai kusan ƙafa 300 a daƙiƙa ɗaya, wato sama da kilomita 300 a awa.

Abu uku ke ƙara mata ƙarfi: nauyin jirgi, tafiya a hankali, da kuma rashin zaro faifan nan na bayan fiffike da ake buɗewa wajen tashi da sauka. Ka ga ke nan a kusa da filin jirgi, inda kowa ke rage gudu kuma kowa ke bin layi ɗaya, nan haɗarin ya fi yawa. Bayan jirgi ya wuce, guguwar takan yi ta nutsewa a hankali, kamar ƙafa 300 zuwa 500 a minti, har ta tsaya kimanin ƙafa 500 zuwa 900 ƙasa da hanyar da ya bi. Idan kuwa kusa da ƙasa ne, ba ta da wurin nutsewa, sai biyun su rabu, ɗaya ta gangara dama ɗaya hagu. A nan wani abin mamaki yake. Iska mai ƙarfi alheri ce, don tana yayyaga guguwar da wuri. 'Yar iska mai sanyi-sanyi da ke busowa daga gefe ita ce mugu, don takan tare ɗaya daga cikin biyun ta ajiye ta daidai kan titin da na baya zai sauka. Lokacin da gari ya yi tsit, irin na asuba, guguwar ta fi daɗewa a raye.

Me take yi wa jirgin da ya faɗa cikinta? Mirgina shi take yi. Boeing 747-400 yakan kai tan 397 idan ya yi lodi, faɗin fuka-fukansa kuma mita 64. Ƙaramin jirgin alfarma irin Learjet 45 bai kai tan 10 ba, faɗinsa bai cika mita 15 ba. Idan ƙaramin ya shiga guguwar babban, kusan dukkan jikinsa yana cikin murɗawar, fiffike ɗaya ana danna shi ƙasa, ɗayan ana cilla shi sama. Matuƙi zai iya murza sitiyarinsa har ƙarshe, ƙarfin guguwar ya rinjaye shi. A can ƙololuwar sama yana da sararin da zai farfaɗo. A wajen sauka, ƙafa 200 ko 300 daga ƙasa, kafin ya ce me ke nan an gama. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela a kan babur a hanyar Kwangwalam ko ta Kazaure, ya ji yadda iskarta ke kaɗa shi, ya ɗanɗani ƙanwar ƙanwar abin da ake magana.

Saboda haka ne Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda Najeriya ke cikinta, ta kasa jirage bisa nauyi. Mai tan 7 ko ƙasa da haka ƙarami ne. Daga nan zuwa ƙasa da tan 136 matsakaici ne, nan su Boeing 737 da ke zirga-zirga tsakanin Kano, Abuja da Legas suke. Daga tan 136 zuwa sama babba ne. Airbus A380 mai hawa biyu, wanda ke kai tan 575, shi an ware masa aji nasa shi kaɗai. Idan ana aiki da rada, babba a bayan babba zai ba da mil 4 na teku, matsakaici a bayan babba mil 5, ƙarami a bayan babba mil 6. Mil ɗaya na teku kilomita 1.852 ne, don haka mil 5 ya ɗan haura kilomita 9, mil 6 kuma kilomita 11. Ƙarami a bayan A380 har mil 8 ake ba shi. Inda ba a aiki da rada sai a koma ga agogo: matsakaici a bayan babba minti 2, ƙarami a bayan babba ko matsakaici minti 3. Ku ɗauki biro ku gwada. Jirgin da ke gangarowa da gudun kilomita 260 a awa, minti nawa zai ci kafin ya share kilomita 9? Minti 2 da 'yan daƙiƙoƙi. Lissafin aji ɗaya na sakandare ne, amma rayukan mutane ke rataye a jikinsa.

Waɗannan lambobi ba a mafarki aka samo su ba, da gawarwaki aka saye su. Ranar 30 ga Mayun 1972, a Fort Worth ta jihar Texas a Amurka, wani jirgin kamfanin Delta samfurin DC-9 yana atisayen sauka a bayan DC-10, wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Dab da titi guguwar ta kama shi ta kifar, mutum 4 da ke ciki suka mutu. DC-9 fa jirgin fasinja ne sosai, ba ɗan tsako ba, kuma wannan haɗari ya sa hukumomin Amurka suka sake duba tazarar da suke bayarwa. A Disambar 1992 a Billings, da Disambar 1993 a Santa Ana, ƙananan jirage biyu suka faɗi a bayan Boeing 757, mutum 8 suka mutu a na farko, 5 a na biyu. A ma'aunin nauyi 757 bai kai babba ba, amma sai aka gano guguwarsa ta fi ƙarfin ajinsa, dole aka yi masa doka ta musamman.

Wanda ya fi kamata mu tsaya a kansa shi ne na birnin Meziko, ranar 4 ga Nuwamban 2008. Jirgin gwamnati ne, Learjet 45, ɗauke da ministan cikin gida na ƙasar, Juan Camilo Mouriño. Yana biye da Boeing 767 za su sauka. An umarci matuƙan su rage gudu, suka yi jinkiri, tazarar ta ragu ƙasa da ƙa'ida. Guguwar ta kifar da jirgin, ya faɗa tsakiyar gari a lokacin cunkoson tashi daga aiki. Mutum 9 na cikin jirgin duk suka mutu, da wasu 7 a ƙasa waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Da masu bincike suka tona, sai suka tarar horon matuƙan a kan wannan samfurin jirgi bai cika ba, kuma akwai lauje cikin naɗi a takardun shaidarsu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani darasin daban ya fito daga New York, ranar 12 ga Nuwamban 2001. Jirgin American Airlines mai lamba 587, samfurin Airbus A300, ya tashi a bayan Boeing 747 na kamfanin Japan. Ya gamu da guguwar, amma ba ta kai ta kayar da shi ba. Mataimakin matuƙin ne ya yi ta taka fedar juya jela, dama, hagu, dama, da ƙarfi, har tsayayyen ɓangaren jelar ya karye ya fita. Mutum 260 a jirgi da 5 a ƙasa suka rasu. Hukumar bincike ta ce irin horon da aka ba shi da kuma yadda aka ƙera fedar sun taimaka wajen kuskuren. Wato ilimin da aka koyar a karkace ma kisa yake yi.

Kada wani ya ce ai wannan duk tsohon zance ne. Ranar 7 ga Janairun 2017, a saman tekun Arabiya, wani jirgin alfarma samfurin Challenger 604 ya wuce ƙafa 1,000 a ƙarƙashin A380 da ke tafiya ta ɗaya ɓangaren. Bayan kamar minti ɗaya guguwar ta sauko ta same shi, ya yi ta wulƙitawa, ya zube dubban ƙafa kafin matuƙan su shawo kansa su sauka a Maskat ta ƙasar Oman. An tsira da rai, wasu da raunuka, amma jirgin bai sake tashi ba. Sai kuma 16 ga Mayun 2019 a Dubai, inda ƙaramin jirgi samfurin Diamond DA62 ya matsi bayan Airbus A350, ya kuma yi ƙasa da hanyarsa, ya faɗi da mutum 4. Waɗannan ba 'yan yawon buɗe ido ba ne. Ma'aikatan fasaha ne da ke aikin gwada na'urorin filin jirgin, irin aikin da wani daga cikinmu zai iya samun kansa a ciki wata rana.

Na san abin da wasu za su ce, don mun saba jin irinsa a majalisar bakin hostel. Za a ce, Malam, wannan ai matsalar Dubai da Landan ce, inda jirgi ke sauka kowane minti. Filin Katsina da wani lokaci sai a yi awanni ba a ji ƙarar jirgi ba, ina ruwansa da tazara? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don yawancin ranaku tazarar da kanta take samuwa. Amma haɗari ba ya bukatar jirage 100, biyu sun ishe shi: babba a gaba, ƙarami a baya. Kuma akwai ranakun da filayenmu ke cika. Akwai lokacin Hajji, a Katsina da Kano da Sakkwato, inda manyan jirage ke cuɗanya da na 'yan kasuwa da na gwamnoni. Akwai lokacin yaƙin neman zaɓe, da ɗaurin auren manya, da ta'aziyya. Kowa a masarautar nan ya tuna 15 ga Yulin 2025, ranar da aka sauke gawar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a Katsina aka kawo ta Daura, da yadda manyan baƙi na gida da na waje suka yi ta sauka a filin nan a yini guda. A irin wannan rana ce ake gane ko ƙa'ida ta zauna a jikin ma'aikata, domin wanda bai saba da cunkoso ba shi cunkoso ya fi ruɗawa. Ƙara da hazon hunturu. Dabarar da ake koya wa matuƙi ita ce ya tsaya sama da hanyar da babban ya bi, ya lura da inda tayoyinsa suka taɓa ƙasa, shi kuma ya sauka gaba da wurin. To a cikin hazon Janairu, wanda ke ɓoye maka ginin da ke tsallaken titi, ta yaya zai ga wurin? Abin da ya rage masa shi ne lambar da jami'in hasumiya ya ba shi, da amanar cewa lambar gaskiya ce.

Mu a Najeriya mun san abin da raguwar tazara ke jawowa, ko da ba ta hanyar guguwa ba. Ranar 7 ga Nuwamban 1996, jirgin ADC samfurin Boeing 727 da ya taso daga Fatakwal zuwa Legas ya sami kansa yana fuskantar wani jirgin, bayan kuskure a wajen masu ba da hanya. Garin kaucewa ya ƙwace wa matuƙan, ya faɗa ruwa a Ejirin, mutum 144 suka mutu, cikinsu har da shahararren masanin siyasa Farfesa Claude Ake. Sararin da ake bari tsakanin jirage biyu ya yi kama da banza har ranar da aka rasa shi.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi. Za a ce jira kuɗi ne. Kowane minti a sama mai ake ƙonawa, man jirgi kuma ya yi tsadar da kamfanoninmu ke kuka, kuɗin kuma a kan tikitin fasinja yake ƙarewa. Har a ƙara da cewa ai su kansu Turawan rage tazarar suke yi. Haka ne, suna ragewa. Amma a dubi yadda suke yi. A Amurka an fara aiki da sabon rabon azuzuwan jirage a filin Memphis a 2012, a Turai kuma aka raba su gida 6 aka fara a Faris a 2016. A filin Heathrow na Landan, tun 2015 ake auna tazarar masu sauka da lokaci maimakon nisa, saboda an tabbatar cewa iska mai ƙarfi da ke fuskantar jirgi tana saurin kashe guguwar. Kafin a yi haka sai da aka kafa na'urori masu haska iska da hasken leza, aka auna guguwar dubun-dubatar jirage, shekara da shekaru, aka zauna aka yi lissafi. Ga bambancin nan. Wanda ya rage mil ɗaya bayan ya auna, injiniya ne. Wanda ya rage shi don oga na sauri, ɗan caca ne, kuma da ran wasu yake yin cacar.

Wannan ta kawo mu ga ainihin abin da nake tsoro, wato halinmu na ganin ƙa'ida kamar shingen da aka kafa don talaka. Mun ga yadda ayarin motocin manya ke keta titi, mun ga yadda ake tsallake layi a banki da asibiti da wurin rajista, an ce wane ne. A ƙasa irin wannan hali yakan wuce, a yi tsaki a haƙura. Iska kuwa ba ta san wane ba. Guguwar da ta kifar da jirgin Meziko ba ta tambayi muƙamin wanda ke ciki ba. Abin lura ma shi ne manyan mutane su suka fi shiga ƙananan jirage, su ne kuma suka fi samun masu rawar jiki a kewaye da su, masu ganin jiran minti 3 a matsayin raini. Jami'in hasumiyar da ya ce wa jirgin babban mutum ya dakata, da matuƙin da ya fasa sauka ya sake kewayowa don bai gamsu da tazarar ba, sun fi kowa ƙaunar wannan babban mutum a ranar. Ya kamata hukumomi irin su NAMA mai kula da sararin samaniya da NCAA mai sa ido su zama garkuwar irin waɗannan ma'aikata, ta yadda ba wanda zai ji tsoron rasa aikinsa don ya bi littafi. Hukumar binciken haɗurra ta NSIB kuma, rahotannin da take fitarwa sun cancanci a riƙa taƙaita su da Hausa ana karantawa a rediyo, don jama'ar da ke cika jiragen Hajji su san abin da ake yi domin su.

Akwai kuma masu cewa komai ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ko an ba da mil 100 sai an tafi. Ba wanda ke jayayya da ƙaddara. Amma ba mu taɓa ganin wanda ya dogara da ita ya tsaya a bayan doki yana ja masa wutsiya ba. Duk ɗan Daura da ya taɓa kallon hawan Sallar Gani ya san ba a matsar doki ta baya, kuma ba a ce wa wanda ya ja da baya matsoraci. Hausawa na cewa bin na gaba bin Allah ne, amma ko a tarbiyyar gida yaro ba ya tafiya yana taka dugadugan babba. Bari masa sarari yana cikin ladabin binsa.

To mu ɗalibai ina namu a ciki? Daura ta zama garin karatun fasaha a 'yan shekarun nan. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, a Disambar shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Zariya, inda Kwalejin Fasahar Jiragen Sama take tun 1964 tana horar da matuƙa da jami'an hasumiya da injiniyoyi, ba nisa gare ta ba. Filin jirgi ba matuƙa kaɗai yake ci ba. Akwai mai gyaran rada, mai kula da rediyon hasumiya, mai duba na'urar auna iska, mai fitilun titi, mai janareta, mai rubuta manhajar kwamfutar da ke nuna wa jami'i tazara. Yawancin waɗannan masu ND da HND ne. Idan na'urar auna iska ta ce gari tsit alhali akwai 'yar iskar gefe, ko agogon hasumiya ya yi gaba da rabin minti, ko an sa hannu a takarda cewa an duba rada alhali ba a duba ba, duk lissafin da muka yi a sama ya rushe.

Nan ne maganar takardun matuƙan Meziko ta dawo. Wanda ya shiga jarabawa da satar amsa, wanda ya ba da kuɗi aka rubuta masa furojet, wanda ya zauna a gida lokacin koyon aiki na SIWES sannan ya cika littafinsa da ƙarya aka buga masa hatimi, yana ganin ya yi wayo, ya ci bulus. Takardar za ta fito tsaf, ba mai ganin komai a jikinta, kamar yadda ba a ganin komai a bayan babban jirgi. Sai ranar da aka tsaya a gaban na'ura ta gaske, rayuka na jiran amsa, sannan ramin da aka bari zai buɗe. Ba dole sai a filin jirgi ba. Haka abin yake a wayarin gidan mutane, da ginin bene, da gadar da za a bi da motar haya.

Ina da shawara ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, kuma ba mai cin kuɗi ba ce. Cikin makon ɗalibai, a rage awa biyu daga kiɗa da wasan ƙwallo a gayyato jami'in hasumiya ko matuƙi ɗaya ya zo ya yi mana bayani da bakinsa. A nemi izinin kai ziyarar karatu filin jirgin Katsina, kilomita 80 ne kacal, ko Zariya in hali ya yi. Masu neman abin da za su yi furojet a kai kuma, ga shi a saukake: akwatin katako mai gefen gilashi, fanka a baki ɗaya, ƙaramin fiffike da aka sassaƙa, da hayaƙin maganin sauro ko turaren wuta. Ku kunna ku ga yadda hayaƙin zai murɗe a bakin fiffiken. 'Yan lantarki da kwamfuta su haɗa na'urar auna gudun iska da alkiblarta, su kafa a fili, su rubuta abin da ta nuna da asuba da azahar har tsawon zango guda, mu ga da idonmu lokacin da iskar Daura ke kwanciya da lokacin da take tashi. Wanda ya taɓa auna abu da hannunsa ba ya raina lamba.

Ga waɗanda Allah zai ba ikon hawa jirgi, ko raka iyaye filin jirgi, ga ɗan guzuri. Idan kun ji jirgi ya tsaya a bakin titi bayan wani ƙato ya tashi, ko ya gangaro kamar zai sauka sai kuma ya ƙara wuta ya koma sama, kada ku shiga sahun masu tsaki da zagin matuƙi. Ku duba bel ɗinku ya ɗauru, ku kwantar wa na kusa da ku hankali, ku gaya masa abin da ake jira. Idan kuma wata rana kai ne a kujerar hasumiya, ko ke ce riƙe da takardar da za a sa wa hannu, wani ya tsaya a kanku yana cewa a yi sauri oga na jira, ku dubi agogo, ku bar minti 3 ɗin nan su cika.